Tallafi Ya Bi Tukunyar Da Yaro Ke Ci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata ƙanwar mahaifiyata aurenta ya mutu a Maƙarfi, ta koma gidansu a wani ƙauye kusa da Hunƙuyi da 'ya'ya uku. Yaran kan je wajen ubansu lokacin hutu da lokacin yankan rake, sauran watannin shekara kuwa a ɗakinta suke kwana. Da aka zo rubuta sunayen mabuƙata, uban ya lissafa su cikin iyalinsa, amaryarsa ta zama mai karɓa. Inna kuwa, da ta tashi yin magana, sai dangi suka ce ta yi haƙuri, ai 'ya'ya na uba ne. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara bai wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata, kuma mafi yawan masu karɓa mata ne masu kula da iyali. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, aka sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A duka biyun gida ake ƙirgawa, wato masu ci daga tukunya ɗaya. To, yaron da ke da tukunya biyu fa? A Ikara da Maƙarfi da Kudan ba sai an yi nisa ba kafin a ga irinsa.

Ra'ayina shi ne a rubuta yaro inda ya fi kwana, inda ake sayen maganinsa in zazzaɓi ya kama shi. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ya bambance abu biyu: reno da ciyarwa. Bayan saki, uwa ce ta fi cancantar riƙon namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma ga kakar yaran ta wajen uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaran suke. Ashe uban da ya karɓi kuɗi da sunan yaran da ba ya ciyarwa ya tara laifi biyu: bai sauke nasa nauyin ba, ya kuma tare abin da wani ya miƙo musu.

Wani zai ce, ai uban ma talaka ne, ga taki ya yi tsada. Gaskiya ne. Ya nemi nasa da sunan waɗanda ke gabansa. In kuma yaran sun raba shekara tsakanin gidajen biyu, a zauna gaban mai unguwa da liman a yi yarjejeniya a rubuce, wanda ya karɓa ya ba ɗayan rabonsa. Haka ita ma uwa, bai halatta ta rubuta yaran da suka koma hannun ubansu ba. Rubuta yaro ɗaya a gida biyu kuwa cin rabon wani maraya ne.

Ga mahukunta akwai darasi a tarihin Sayyidina Umar (RA). An ruwaito cewa da farko yaron da aka yaye kawai yake yanka wa rabo daga baitulmali. Da ya gano mata na gaggauta yaye jarirai saboda haka, sai ya mayar da rabon ga kowane jariri tun daga haihuwa. Ƙa'idar da ta cutar da yaro gyara ta ake yi. Ya kamata takardar rajista ta tambayi inda yaro ke kwana, alƙalan kotunan shari'a kuma su riƙa rubuta wanda ke riƙon yara ƙarara yayin raba aure.

Ku kuma 'yan uwana matasa, mu ne ake miƙo wa waya mu cike wa iyaye fom. Kafin ka rubuta sunan yaro, tambayi inda ya ci tuwon daren jiya. Za a tambaye mu a kan abin da hannunmu ya rubuta.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.