Akwatin katin hoto na waje: Kashe kuɗin da kwamfutar tebur ba ta buƙata

Aikin shagon kwamfuta ya sauya a garuruwan yammacin Kano. A da, abin da ake kai wa matashin da ke da shago a Unguwar Hajji ko Turawa ko cikin garin Rogo bai wuce buga takardar makaranta, hoton fasfo da katin ɗaurin aure ba. Yanzu bidiyo ake kawowa, na kamu, na walimar saukar Alƙur'ani, na taron siyasa. Ana so a yanka, a jera, a sa sauti, a ba mai shi ya ɗora a TikTok tun baƙi ba su watse ba. A nan ne tsohuwar Dell ko HP ta hannu da aka sayo a Beirut Road a birnin Kano take nuna gajiyarta. Hoto ya riƙa tsayawa, fanka ta riƙa kuka, mai aiki yana zaune yana jira.

Maganin da ake yawan gani a bidiyoyin YouTube shi ne wani akwati da ake ajiyewa a gefen kwamfuta, a sa katin hoto mai ƙarfi a cikinsa, a haɗa su da kebul guda. Masu harkar suna kiransa eGPU. Katin hoto shi ne ɓangaren da ke ɗauke wa kwamfuta nauyin zana abin da ake gani a allo, shi ya sa yake hanzarta gyaran bidiyo. Alƙawarin akwatin yana da daɗin ji: kati ɗaya, yau a jona shi da Windows, gobe da Mac, jibi da Linux.

Ga mai kwamfutar tebur a Karaye ko Rogo, wannan alƙawari bai kai kuɗinsa ba. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Jarin irin wannan shago sau da yawa daga buhunan masara yake fitowa, ko daga adashi, ko daga tumakin da uwa ta sayar don ɗanta ya samu abin yi.

An ƙirƙiri akwatin ne don laftof, wadda ba ta da wurin da za a cusa babban kati. Kwamfutar tebur kuwa tana da gurbinta tun daga kamfani. Duk wanda ya buɗe murfinta zai ga wani dogon gurbi a kan babban faifan ciki, wanda ake kira PCIe, mai layi 16 da bayanai ke bi tsakanin kati da kwamfuta. Kebul ɗin Thunderbolt 3, wanda Intel ya fito da shi a 2015 kuma mafi yawan akwatunan suka dogara da shi, layi 4 kacal yake ɗauka. Wato mutum zai biya kuɗin kati, ya ƙara da kuɗin akwati, sannan ya samu ƙarfin da bai kai na katin da aka dasa a ciki ba.

Wannan ma idan kwamfutar tana da ramin Thunderbolt ke nan. Galibin kwamfutocin ofis na hannu da ke kasuwannin Kano ba su da shi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ramin kamarsa ɗaya da na USB-C, irin wanda ake cajin wayoyin zamani da shi. Kebul zai shiga daram, amma idan babu alamar walƙiya a gefen ramin, ko takardar kamfani ba ta ce Thunderbolt ko USB4 ba ne, akwatin ba zai yi komai ba. Ƙara wa kwamfuta ramin ma ba a kowane faifai yake yiwuwa ba, sai wanda kamfani ya tanadar masa mahaɗi na musamman.

Kowace manhaja da halinta

Inda alƙawarin ya fi rushewa shi ne wajen babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kati ba ya aiki sai da ƙaramar manhajar da ke fassara tsakaninsa da kwamfuta, wadda ake kira direba. Kamfanoni ne ke rubuta direba, kuma kowanne yana duba ribarsa ne.

Labarin Apple ya isa misali. Kamfanin ya amince da akwatin a hukumance a 2018, cikin macOS High Sierra 10.13.4, amma da katin AMD kaɗai. Daga macOS Mojave, wadda ta fito a shekarar, sababbin katunan Nvidia ba su ƙara samun direba a Mac ba. A watan Nuwamban 2020 kuma Apple ya fara sayar da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar M1 ta ƙirar kansa, kuma daga ita har waɗanda suka biyo bayanta babu wadda kamfanin ya ba damar amfani da katin hoto na waje. Mac mini ta 2018 tana karɓar akwatin. Mac mini ta 2020, mai kama da ita a ido, mai ramin Thunderbolt ita ma, ba ta karɓa. A 2025 Apple ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Mac masu ƙwaƙwalwar Intel. Wanda ya sayi akwati yau domin Mac, ya sayi kayan da mai gidan ya riga ya juya wa baya.

Windows ce ta fi karɓar baƙo. Katin Nvidia da na AMD duk suna aiki a cikinta, kuma a kanta CorelDRAW da Premiere Pro suke, waɗanda su ne abincin masu shago. Amma ita ma tana da nata. Masu amfani da akwatin sun saba da saƙonnin kuskure mai lamba 12 da mai lamba 43, waɗanda ke nufin kwamfuta ta ga katin amma ta kasa aiki da shi. Gyaran kan kai mutum cikin saitin BIOS, inda kuskure ɗaya zai iya hana kwamfuta tashi. Ga kuma batun da ya fi wannan girma: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da mafi yawan ƙwaƙwalwar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ba. Yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis suna ƙasa da wannan layi. Ɗora akwati mai tsada a kan irinsu kamar sa wa tsohon jaki sabon mangala ne.

Linux kyauta ce, tana kuma raya tsohuwar kwamfuta, abin da ya sa take da farin jini wurin ɗaliban kimiyyar kwamfuta. Direban AMD yana cikinta tun asali, don haka katin kan tashi ba tare da an sauke komai ba. Nvidia kuwa ya daɗe yana wahalar da masu Linux, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙire ta, ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a wata jami'a a Finland a 2012. Sai a 2022 Nvidia ya buɗe wani ɓangare na direbansa. Abubuwa sun yi sauƙi tun daga nan, sai dai cire akwati ko jona shi kwamfuta tana kunne har yanzu kan jawo matsala. Matsalar mai shago ma ta wuce wannan. Premiere Pro da CorelDRAW ba su da sigar Linux. DaVinci Resolve tana da ita, amma sigar kyauta a Linux ba ta karanta bidiyon H.264, wanda shi ne mafi yawan wayoyi da kyamarori ke ɗauka, sai an fara juya shi zuwa wani tsari. Uwar amarya ba za ta jira wannan ba.

Lissafin wuta

Masu nuna akwatin a YouTube suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa. A yankin da ake dogara da KEDCO, inda aiki ya fi gudana da janareta ko sola, kowane wat yana da farashi. Akwatin Razer Core X yana zuwa da na'urar wuta ta kansa mai wat 650. Katin RTX 3060 yana jan wat 170, RTX 4090 kuma wat 450. Ƙaramin janaretan Tiger da ke gaban shaguna bai kai wat 1000 ba, kuma shi ne ke ɗauke da firinta, allo, fanka da cajin wayoyin maƙwabta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san yadda litar fetur ta koma. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma ba sa raga wa akwati mai fankoki a buɗe.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. Gurbin cikin kwamfuta yana ba da wuta har wat 75 da kansa, kuma akwai katunan da aka yi daidai wannan ma'auni: GTX 1650 gajere, da RX 6400 mai jan wat 53. Suna shiga ƙananan Dell da HP na ofis, duk da cewa sai an duba ƙarfin na'urar wutar cikin kwamfutar tukuna. Ga mai gyaran bidiyo, GTX 1650 ya fi, domin yana da ɓangaren da ke matse bidiyo da sauri, abin da RX 6400 ba shi da shi. Sau da yawa ma ba kati ne ciwon ba. Kwamfutar da ke da RAM gigabayit 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa za ta canja hali idan aka kai ta gigabayit 16 aka sa mata SSD, a kan kuɗin da bai kai na akwatin da babu kati a ciki ba.

Ba a ce akwatin ba shi da rana ba. Wanda ke ɗaukar bidiyo da laftof a wurin biki, ya dawo shago ya jona ta da babban allo, zai amfana idan laftof ɗin tana da Thunderbolt. Haka mai ƙaramar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu biyu ba, musamman mai ramin OCuLink, wanda ya fi Thunderbolt 3 sauri. Amma su biyun sun san manhaja ɗaya da za su zauna a kanta, ba su sayi akwatin don yawo tsakanin uku ba.

Katunan hannu ma sai an yi hattara. Bayan da Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin kirifto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya, kuma ido ba ya bambanta su da lafiyayyu. Shi ya sa tafiya daga Unguwar Hajji zuwa Kano ba ta cancanci a yi ta hannu rabbana ba. Mai saye ya ɗauki kwamfutarsa, da bidiyon biki guda a filashi, a dasa katin a gabansa, a buɗe manhajar da yake aiki da ita kullum, a bar ta ta fitar da bidiyon har ƙarshe kafin ya ƙirga kuɗi. Idan mai kaya ya ƙi a gwada, akwai wasu shagunan a layin.