Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jagororin Mahaya Keke Na Abuja

Zuwa ga jagororin ƙungiyoyin mahaya keke da masu tsara musu hanya a Babban Birnin Tarayya,

Wannan wasiƙa ta shafi aikin mutumin da yake zama da taswira a daren Juma'a ya yanke hanyar da ayarin kekuna zai bi da sassafen Asabar, domin lafiyar mutane da ƙarfinsu suna wuyansa, ko da yake ba kasafai ake tunawa da shi ba sai ranar da tafiya ta ɓaci. Kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki shi ne auna hanya da tsawonta kaɗai, a ce kilomita 60 ce ko 80 a wuce wurin, alhali ƙasar Abuja ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kano ko Haɗeja, kuma wanda ya koyi keke a can ya zo nan da lissafinsa na gida, ƙafafunsa ne za su gaya masa gaskiya a hanyar dawowa.

Yankin da aka keɓe wa babban birnin da Doka ta 6 ta watan Fabrairun 1976, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, a karkace yake kamar faifan da aka ɗaga gefensa guda. Gefen da aka ɗaga shi ne arewa maso gabas, inda duwatsun Bwari da na Aso suke, wasu kawunansu sun haura mita 700 daga doron teku. Gefen da ya sauka kuwa shi ne kudu maso yamma, wajen Yaba a ƙaramar hukumar Abaji, inda fadamar kogin Gurara ba ta kai mita 100 ba. Ruwa ma haka yake bi: kogin Usuma, wanda aka datse kusa da Ushafa don shayar da birnin, yana saukowa ta Gwagwalada ya faɗa Gurara, ita kuma Gurara ta zuba a Kwara. Tsakanin waɗannan koguna akwai rafuffuka da yawa da suka tsattsaga ƙasa, shi ya sa hanya ba ta daɗewa a miƙe, sai dai tudu ya bi kwari, kwari ya bi tudu.

Saboda haka akwai ma'auni biyu da ya wajaba jagora ya sanar tare da tsawon hanya. Na farko shi ne jimillar hawa, wato a tattara tsayin dukan tuddan da za a haura daga tashi zuwa sauka, kuma manhajojin waya irin su Strava suna fitar da wannan adadi cikin sauƙi. Na biyu shi ne tsananin hawa, wanda ake faɗa da kashi cikin ɗari: idan hanya tana ɗagawa mita 5 a cikin kowace mita 100, an ce hawan kashi 5 ne. Hawan kashi 3 sabon shiga yana iya jure shi na dogon lokaci, na kashi 8 kuwa yana raba ayari gida biyu cikin 'yan mintuna, domin a kan tudu nauyin jiki da na keke ne abokin gaba, ba iska ba, kuma fakewa a bayan wani, wadda a fili take rage wa mahayi kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala idan ana gudu sosai, ba ta da wani amfani a can. Tuddai goma ƙanana da ba wanda ya kula da su a taswira suna iya cin mutum fiye da babban tudu ɗaya da kowa ya shirya masa.

A nan ne tarkon kudu maso yamma yake. Ayarin da ya tashi daga tsakiyar birni ya bi titin filin jirgin sama, wanda aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya nufi Giri da Gwagwalada ko ya ratse Kuje, gangara yake bi a yawancin tafiyar, cikin sanyin safiya, kowa yana jin kansa gwani. Bambancin tsayi tsakanin birnin da Gwagwalada ya haura mita 200, kuma duk abin da aka ci bashi a tafiya sai an biya shi a dawowa, lokacin da rana ta take, ruwan gora ya ƙare, motoci sun cika titi. Ga shi kuma Gwagwalada, saboda tana kwari, ta fi birnin zafi. Abin da ya fi dacewa shi ne a juya lissafin, a fara da hawa tun jiki yana da ƙarfi, a bi ta Dutse zuwa Ushafa da Bwari, garin da Makarantar Horar da Lauyoyi da hedikwatar JAMB suke, sannan a dawo gida da gangara. Idan kuwa ƙungiya ta nace sai ta ga fadamun kudu, waɗanda lalle sun cancanci gani musamman da kaka lokacin da kunyoyin doya da gonakin dawa suka cika ido, to gara a ɗauki kekuna a mota zuwa Kuje ko Gwagwalada a yi zagaye a can, ko kuwa a ajiye wurin juyawa da wuri, a ware wa dawowa lokacin da ya fi na tafiya.

Wurin da ya fi haɗari a irin wannan ƙasa ba kan tudu ba ne, gindin kwari ne. A can keke yake kaiwa ƙarshen gudunsa, a can ne kuma hanya ta fi lalacewa, domin ruwan sama yana wanko yashi da tsakuwa daga ɓangarorin biyu ya jibge su a bakin kwalbati, kwalta tana zaizayewa ta ƙasa har gefenta ya karye, gadar kuma sau da yawa ta fi titin ƙunci. Siririyar tayar keken tsere idan ta shiga yashi mai kaurin yatsa biyu da gudu, kan keken yana ƙwacewa daga hannu kafin mahayi ya ankara, kuma wanda ya damƙe birkin gaba a wannan lokaci ya gama faɗuwa. Birkin da yake kama bakin wili yana rage ci idan ya jiƙe, saboda haka rage gudu a sama ake yinsa, tun kafin a iso ƙasa. A gindin kwarin ne kuma burtalin shanu yake ratsa titi zuwa mashaya, nan yara suke wanka, nan masu wankin babur suke tsayawa. Jagoran da bai bi hanyar da kansa ba bayan ruwan sama na ƙarshe bai san ta ba, ko da ya bi ta sau da dama a rani. Kuma rafin da ya haura kwalbati yana gudu ba a gwada shi, kamar yadda ambaliyar unguwannin Lokogoma da Lugbe ta isa ta koya wa duk mazaunin birnin.

Manyan titunan Abuja suna da faɗi da santsi, amma an gina su ne don mota, kuma direban da ya samu layi huɗu ko biyar a titin Kubwa ba ya tsammanin ganin keke. Tun a 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, mota ta ture shi cikin kwata a kan hanyarsa ta zuwa aiki, kuma har yau mahaɗun titunan, inda motoci suke shiga da fita a guje, su ne wuraren da ayari ya kamata ya rage ratsawa iyakar iyawa. Hawan Mpape yana jan hankalin masu son gwada ƙwanji, sai dai hanya ce ta tifofin da suke ɗauko tsakuwa daga wuraren fasa dutse, kuma abin da suke zubarwa a kwana ya isa ya kayar da mutum. Titin Lokoja daga Gwagwalada zuwa Kwali da Abaji kuwa na tireloli da tankoki ne, ba wurin kai sabon shiga ba.

Da an bar manyan tituna an shiga ƙasar mutane, wato Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauran waɗanda suke zaune a nan tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a watan Disambar 1991. Macen Gbagyi a kafaɗa take ɗaukar kaya, ba a ka ba, don haka damin itace ko ƙwaryar doya yakan tare mata gani ta gefe ɗaya, kuma keken tsere ba ya ƙara. Wajibi ne na gaba ya yi magana tun daga nesa, ayari kuma ya ba ta fili. Gefen kwalta a ƙauye wurin shanya rogo da barkono ne, ƙofar gari kuma tana da tuddan rage gudu da ba a shafa musu fenti ba. Gaisuwa a wurin mai shayi ko mai faci ba ɓata lokaci ba ce, domin su ne suka san gadar da ta karye da hanyar da ba a bi a wannan mako. Wannan ya ƙara muhimmanci tun bayan harin gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022 da sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024: kafin a sa wata hanyar daji a jadawali, a tambayi mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, a tafi da yawa, a dawo da rana.

Lokutan shekara ba sa buƙatar dogon bayani. Damina daga Afrilu zuwa Oktoba take, kuma hadarin farkonta yana zuwa da iska mai ƙarfi, yawanci da yamma. Hunturu yana kawo hazo da yake ɓoye mahayi daga idon direba, don haka fitilar baya da riga mai haske su ne kariya. Watan Maris kuwa zafinsa ya isa a ce duk tafiya ta ƙare kafin hantsi ya dubi ludayi sosai. Da azumi a gajarta hanya, a kuma matso da ita kusa da gari.

Game da kayan aiki, yawancin kekunan da ake saya na hannu sun zo da giyar da aka yi wa masu tsere, kuma girman kai yakan hana mutum neman giya mai laushi, wato babban faranti a tayar baya wanda yake sa feda ta yi sauƙin juyawa a kan tudu. Jagora ya duba wannan kafin tashi, tare da hular kwano, famfo, tub na ajiya da kayan faci, ya kuma naɗa gogaggen mahayi a ƙarshen ayari wanda ba ya wuce kowa, sannan a riƙa haɗuwa a saman kowane babban tudu, ba a gindinsa ba. Wanda burinsa gudu ne zalla yana da wurinsa: zagayen tseren keke da yake filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, ya karɓi gasar tseren keke ta nahiyar a 2022, kuma 'yar tseren keke Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024. Bai kamata a mayar da titin ƙauye filin wannan gasa ba.

Abin da ƙungiyoyin Abuja suka fi buƙata shi ne rubutaccen bayanin kowace hanya, wanda ba ya tafiya da tafiyar jagora idan an yi masa canjin wurin aiki, abin da yake yawan faruwa a garin ma'aikata. A rubuta tsawo, da jimillar hawa, da wurin da hawa ya fi tsanani, da kwalbatocin da suke tara yashi, da inda ake samun ruwan sha da mai faci, da asibiti mafi kusa, da wuraren da waya ba ta kamawa, a ƙara da lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. A sa wa kowane bayani kwanan watan da aka bi hanyar, a kuma sake bin ta a gyara shi a ƙarshen kowace damina.

Wassalam.