Ƙidayar Ambato Ba Ta Korar Biri Daga Gona

Wata sabuwar al'ada ta shigo jami'o'inmu ta zauna daram, kamar da ita aka gina su. Yau idan aka ce wane masani ne, ba mai tambayar abin da ya gano. Sai a zaro waya a buɗe Google Scholar, a duba maƙalu nawa ya buga, sau nawa wasu marubuta suka ambace shi, shi ke nan an yanke hukunci. Ni dai a ganina wannan mudu akwai tauye a cikinsa, kuma zan kafa hujjata da wani fanni da ba mu cika kulawa da shi ba, watau binciken halayyar birai da dazuzzukan da suke zaune a ciki.

Da farko, daga ina mudun ya fito? A 1964 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fara fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya, domin mai bincike ya iya bin sawun magana. A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo lissafin da ake kira ma'aunin h: idan aka ce naka 20 ne, to kana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Ba a daɗe ba mutanen can suka fara tsarguwa. A 2012 wasu masana da editoci suka taru a San Francisco, suka yi kira da a daina auna mutum da lambar mujallar da ya yi rubutu a ciki. Mu kuwa sai muka rungumi lambobi hannu bibbiyu.

To, mu dawo gida. A 2000 wani Bajamushe, Farfesa Volker Sommer, wanda yake koyarwa a Landan, ya kafa aikin binciken birai a dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. A can ne ake samun biri mai ganga, wanda ya samo sunansa daga dukan saiwar manyan itatuwa har amo ya cika kurmi. Ƙiyasin 2011 ya nuna irinsa na Nijeriya da Kamaru tsakanin 3,500 ne da 9,000 suka rage. Masu binciken sun gano yana fiƙe tsinke ya zaƙulo zuma da kwarkwasa, amma ba su ga alamar yana farautar gara ba, alhali danginsa na Tanzaniya da ita suka yi suna. Sun kuma bi garken gwaggon biri guda biyu, ɗaya a cikin kurmin Kwano, ɗaya a kusa da gonakin ƙauye. Garken da ke satar amfanin gona ya fi saurin haihuwa, 'ya'yansa kuma sun fi rayuwa. A 2011 aka tara wannan ilmi a littafin Primates of Gashaka, wanda Sommer da Caroline Ross suka shirya.

Aiki ne nagari, ya taimaki dajin, ya kuma horar da 'yan ƙasa, ba na musu. Ambaton da ya samu halaliyarsa ce. Amma ku tsaya ku yi tunani: wa ya fi kowa bukatar sanin cewa masarar da yake nomawa ita ce ke ƙara yawan biran da ke cinye ta? Manomin da ya tura ɗansa tsaron gona tun asuba maimakon makaranta. Shi wannan ba ya rubuta maƙala, saboda haka ba ya ambaton kowa, saboda haka a wurin mudun nan babu shi. Masanin da ya zauna gindin bishiya ya bayyana masa abin da aka gano bai ƙaru da ko ɗigo ba a lissafi.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan muni, domin tana kashe binciken tun daga tushe. Biri ba ya sauri don wani yana neman ƙarin girma. Kafin garke ya saba da mutum har ya bar shi ya zauna kusa, akan yi shekaru, uwar biri mai ganga kuwa sai ta yi kamar shekara biyar tsakanin haihuwa da haihuwa. Jane Goodall, wadda ta rasu a 2025, ta isa dajin Gombe na Tanzaniya a 1960 ba ta da ko digirin farko, babban littafinta na ilmi bai fito ba sai 1986. Da ƙaramar malama ce a wurinmu, da tuni an rubuta mata takardar gargaɗi. Ƙaramin malami ba wawa ba ne, ya iya lissafi. Me zai kai shi daji ya sha cizon tsando shekara uku don maƙala ɗaya, alhali zai iya raba takardun tambayoyi a aji, ya biya kuɗi a wata mujalla da ba ta ƙin kowa, ya fitar da biyar kafin damina? Daga nan sai adashi ya kankama: ka sa sunana in sa naka, ka ambace ni in ambace ka. Lambobi suna hawa, daji yana ƙarewa.

Na uku, idon wa ya gani, sunan wa aka rubuta? A 1953, a tsibirin Koshima na Japan, wata malamar firamare ta ƙauyen, Satsue Mito, ita ta fara lura da wata 'yar biranya tana wanke dankali a ruwa, abin da ya zama shahararriyar hujja cewa dabba ma tana koyon al'ada. Maƙalar da aka fi ambata a kai ta fito a 1965 da sunan Masao Kawai. A dazuzzukanmu ma tsofaffin maharba da 'yan rakiya su ke gane sawu da kuka da sheƙar kwana, sa'an nan a gode musu a layin ƙarshe, inda na'ura ba ta ƙirgawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai maganar harshe, wadda ta fi shafar wannan ƙungiya tamu. A nan Malali inda nake zaune, yaro zai ba ka labarin biran Tanzaniya daga talabijin, amma birin ƙasarsa bai san shi ba sai wanda gardi ya ɗaure a ƙugu yana yawo da shi. Ga dajin Kamuku a Birnin Gwari, cikin jiharmu, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1999, da jan biri da kirka da gwaggon biri. 'Yan bindiga sun yi shekaru suna fakewa a cikinsa. Wa zai faɗa wa mutanen jihar, da harshen da suke ji, abin da ya rage a ciki? Malamin da ya rubuta wannan da Hausa, na'urar ƙidaya da ƙyar za ta san ya yi.

Na san abin da za a ce: lamba ba ta san ɗan gida ba, ita ce ke hana son kai wajen ƙarin girma. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma lambar da ake iya saye da kuɗi da adashi ba ta hana son kai ba, riga kawai ta canza masa. Maganin alƙali mai son kai shi ne a kawo alƙalai daga waje su karanta aikin, su sa hannu a kan hukuncinsu. Dubi Inaoyom Imong da Rachel Ikemeh, 'yan Nijeriya da suka karɓi lambar yabo ta Whitley a Ingila a 2015 da 2020: saboda birai da dazuzzukan da suka tsare aka ba su.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'inmu da su nemi malami ya kawo ayyukansa uku mafiya kyau a karanta, su lissafa shekarun da ya yi a daji, su kuma ba rubutun Hausa maki cikakke. Mu kuma ɗaliban Hausa kada mu tsaya ga tatsuniyar biri kaɗai. A hutun nan kowa ya nemi tsohon maharbi ko manomin garinsu, ya rubuto sunayen birai da abincinsu da lokacin ɓarnarsu, da sunan mai bayanin a sama idan ya yarda, mu haɗa kai da 'yan sashen ilmin dabbobi mu buga a wannan mujalla. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.