Nima da Maamobi: wa ke tantance uban gidan da ke ƙetare?

A unguwannin Zango na Accra, matashin da ke neman aiki a Saudiyya, Kuwait ko Qatar ba kasafai yake farawa da ofis ba. Dillali yake nema, galibi wani ɗan unguwa da aka sani, ya biya kuɗi, ya miƙa fasfo.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce sai da lasisi kamfani zai samar wa mutane aiki. A 2017 gwamnati ta dakatar da tura masu aikin gida zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, bayan koke-koken cin zarafi. Matakin ya fi shafar masu lasisi. Dillalai kuwa suka koma bi da mutane ta maƙwabtan ƙasashe.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai neman aikin ake bincika: lafiyarsa, shekarunsa, hotonsa. Wanda zai ɗauke shi, ba a ko faɗa masa sunansa sai ya sauka. A tsarin kafala kuma, zamansa a ƙasar yana hannun wannan mutumin.

Ghana ta san yadda ake yi. A 2020 ta tura ma'aikatan jinya zuwa Barbados bisa yarjejeniyar gwamnati da gwamnati, kowa ya san asibitinsa da albashinsa. Sai dai telan Nima da direban Maamobi, masu sana'a a hannu amma babu takardar shaida, wannan ƙofa ba ta buɗe musu ba tukuna.