Kalangun mahauta da kiɗan McDonald's

Babu shagon McDonald's ko ɗaya a Nijar, amma na ji wani ɗalibina a Agye yana fito da ɗan kiɗan tallarsu, wanda ya tsinta a wayar salula. Yaron nan, da za a ce masa jikan makaɗin mahauta ne, sai an raba faɗa.

Bari mu tuna masa asalin abin. A 2003 kamfanin talla na Heye & Partner, kusa da Munik a Jamus, ya kawo wa McDonald's wannan kiɗa. Tom Batoy da Franco Tortora suka tsara shi, Justin Timberlake ya rera, aka ruwaito dala miliyan 6 ya karɓa. A 2016 gardama ta tashi, wai mawaƙi Pusha T ne ya rubuta. Manyan mutane ke jayayya a kan wanda ya iya kiran mai jin yunwa!

Mu fa? Tun kafin rediyo, kalangu ke shaida wa kasuwa an yi yanka. Sarkin fawa da takensa, kowane mahauci da kirarinsa, na nesa ya ji ya san akwai nama, tsire da balangu na tafe. Talla ce cikakkiya, mai suna da asali, ladarta tsoka ɗaya.

Amma mu ƴan boko, daga Gazawa har Gidan Rumji, maroƙi muka kira makaɗin, muka hana shi auren ƴaƴanmu. Ɗansa kuwa ya rataye kalangu, ya tafi kabu-kabu Maraɗi.