Zanen Bango da Ɗakin da Aka Yi Shi Dominsa: Halin da Jirgin Queen Mary Yake Ciki

A babban zauren cin abinci na jirgin ruwan Queen Mary akwai wata taswirar Tekun Atilantika wadda ta mamaye bango guda. Mai zane MacDonald Gill ne ya tsara ta, da Ingila a gefe ɗaya da Amurka a ɗaya gefen, sai layuka biyu da suka ratsa tekun, domin jirgin yana da hanyar da yake bi a lokacin zafi da kuma wadda yake bi a lokacin sanyi. Kan layin akwai ɗan ƙaramin jirgi na gilashi mai matsawa a hankali, yadda fasinja zai ɗaga kai daga kwanonsa ya ga inda tafiya ta kai. Taswirar tana nan har yau. Amma jirgin yana ɗaure a gaɓar Long Beach ta jihar Kalifoniya tun ranar 9 ga Disamba, 1967, saboda haka ba ta da sauran labarin da za ta ba mai kallo. Wannan shi ne halin da kusan duk kayan adon jirgin suke ciki: don wani ɗaki da wata hidima aka yi su, kuma rabuwarsu da ɗakin ko da hidimar takan tafi da rabin ma'anarsu.

Kamfanin John Brown ne ya ƙera jirgin a Clydebank ta ƙasar Sikotilan, aka tura shi ruwa a 1934, ya yi tafiyarsa ta farko daga Southampton zuwa Niyok a watan Mayun 1936. Kamfanin Cunard White Star ya so a ƙawata shi da salon zamani na Art Deco, amma mai taushi, wanda ba zai firgita attajirin Ingila ba. An lulluɓe bangwayensa da katako iri fiye da hamsin. An gayyato masu zane da masu sassaƙa da dama: Edward Wadsworth ya yi zane a ɗakin shan taba, Alfred Thomson ya zana taron murnar cikar Sarki George na Biyar shekara 25 a kan gadon sarauta a saman mashayar gaba, Kenneth Shoesmith ya yi hoton Maryamu a kan bango mai ruwan zinariya, Doris Zinkeisen kuma ta cika ɗakin Verandah Grill da hotunan 'yan wasan kwaikwayo da na sakos.

Tun kafin jirgin ya bar tasha aka fara sauya masa ciki. An ba Duncan Grant kwangilar manyan zane uku na babban falo, ya gama su, sai shugaban kamfanin, Sir Percy Bates, ya ƙi amincewa da su, aka cire. Wannan ƙaramin labari yana da amfani ga masu kiran a mayar da jirgin "yadda yake na asali", domin asalin da kansa ya fito ne daga ja-in-ja tsakanin mai fasaha da mai kuɗi, kuma mai kuɗin ne ya yi rinjaye.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da sauyi na biyu. Aka shafe jirgin da fenti ruwan toka, aka kwashe kujeru da darduma da duk abin da zai iya ciruwa aka kai ajiya, aka jera gadajen sojoji hawa-hawa har cikin zauruka. A wata tafiya ta 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a lokaci guda. Zanen Zinkeisen ya sha wahala a waɗannan shekaru, har sai da ita da kanta ta dawo ta gyara shi bayan yaƙi. A 1947 jirgin ya koma jigilar fasinja, an canza sunayen darajojinsa uku, amma ɗakunan sun dawo kusan yadda aka san su.

Abin mamaki, ɓarnar da yaƙi bai yi ba, masu ceton jirgin ne suka yi ta. Birnin Long Beach ya saye shi kan dala miliyan 3.45 da nufin mayar da shi otal da gidan tarihi da kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Tsakanin 1968 da 1971 aka fasa yawancin abin da ke ƙasan jirgin, aka fitar da tukwanen tururi da ɗaya daga cikin ɗakunan injin biyu. Wuraren fasinjojin daraja ta biyu da ta uku su suka fi shan kashi: wasu aka mayar da su ofisoshi da ɗakunan ajiya, wasu aka rushe gaba ɗaya. Verandah Grill, inda a da sai an yi kamun wuri kafin a samu teburi, ya koma wurin sayar da abincin tafi-da-gidanka. Sojoji sun san na ɗan lokaci suka zo, shi ya sa aka ajiye kayan da niyyar mayarwa. Masu otal kuwa sun ɗauka ginin nasu ne har abada, suka yi ta yanka yadda suka ga dama.

Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma hujjar ba ta wasa ba ce. Jirgin da ba ya kawo kuɗi, ƙarshensa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Normandie ta Faransa ta ƙone a tashar Niyok a 1942, kuma manyan allunan gilashi na Jean Dupas sun tsira ne kawai saboda an riga an cire su. Wani sashe nasu yana gidan tarihi na Metropolitan a yau. Jirgin United States an yi gwanjon kayan cikinsa a 1984, daga baya aka kankare shi ya zama fanko, a 2025 kuma aka ja shi daga Filadelfiya domin a shirya nutsar da shi a gaɓar Fulorida ya zama mafakar kifi. Idan aka auna da waɗannan, Queen Mary ta yi sa'a ƙwarai.

Sai dai misalin Normandie yana nuna iyakar wannan sa'a. Wanda ya tsaya gaban allunan Dupas a gidan tarihi yana ganin gwaninta, amma ba ya ganin hasken fitilun da aka yi gilashin don ya kama, ko faɗin falon da aka auna hotunan da shi. Fifikon Queen Mary a kan sauran shi ne bangon da rufin da matakalar duk suna nan. Saboda haka duk lokacin da aka cire wani allo daga mazauninsa aka kai shi ɗakin nune-nune a cikin jirgin, an zubar da wannan fifiko ba tare da dalili ba.

Akwai kuma batun waɗanda ake tunawa da su. Abin da aka fi kula da shi shi ne zaurukan manya, domin su ake bayarwa haya don biki da liyafa. Amma dubban waɗanda suka haye teku cikin jirgin ba su taɓa shiga waɗannan zauruka ba. Akwai 'yan gudun hijira na ƙarshen shekarun 1930, akwai matan sojoji da 'ya'yansu da aka kwasa zuwa Amurka da Kanada a 1946. An ma keɓe wa Yahudawa ɗakin ibada a cikinsa, a zamanin da Jamus take ƙuntata musu. Gyara ɗakin cin abinci guda na daraja ta uku, da kujerunsa da fitilunsa marasa ƙyale-ƙyale, zai fi koya wa mai ziyara tarihin jirgin fiye da rangadin neman fatalwa da ake tallatawa a bakin busasshen wurin ninƙaya. Rangadin yana kawo kuɗi, ba a musu, amma yana koya wa jama'a su dubi aikin masu fasaha a matsayin labulen tatsuniya.

An rufe jirgin a 2020 lokacin annobar korona, birnin ya karɓi ragamarsa, aka sake buɗe shi a 2023 bayan gyare-gyaren gaggawa. Tsatsa da yoyo su ne kan gaba wajen cin kuɗi, kuma haka ya kamata, tunda zane ba ya zama a bangon da ruwa ya cinye. Amma idan aka zo kan gyaran ciki, ya dace hukumar birnin ta tsayar da ƙa'ida a rubuce: kowane allo ya koma ɗakin da aka yi shi dominsa, a ɗauki tsarin 1947 a matsayin ma'auni tunda shi ne jirgin ya fi daɗewa da shi a teku, kuma a fara da ɗakunan daraja ta uku da har yanzu bangonsu yake tsaye.