Kalmar "se" ta Sifaniyanci: a bi ta Hausa wajen koyonta

Duk ɗalibin da ya fara koyon Sifaniyanci zai haɗu da aikatau irin su lavarse da levantarse, waɗanda aikinsu ke komawa kan mai aikatawa. Jadawalinsu ba shi da wuyar hadda: me lavo, te lavas, se lava, nos lavamos, os laváis, se lavan. Wakilin sunan yana zuwa gaban aikatau, amma yakan manne a bayansa idan aikatau bai ɗauki lokaci ba, ko a umarni: lávate, sai dai a hani a ce no te laves. Wahalar tana cikin ma'ana, kuma a ganina mun ƙara wa kanmu ita da muka dage sai mun bi ta Faransanci.

Ba na musun amfanin Faransanci, domin me, te da se suna nan a harsunan biyu. Amma kamannin nan yana da tarko. Wanda ya saba da je me suis lavé zai rubuta me soy lavado, alhali Sifaniyanci haber kawai yake ɗauka a nan: me he lavado. Bayan haka, Faransanci ya tara ayyuka da yawa a kan se ɗinsa, don haka ba ya taimaka wa ɗalibi ya rarrabe su.

Hausa kuwa ta ba kusan kowane aiki nasa gida. Se mira en el espejo shi ne "yana kallon kansa a madubi". Se saludan shi ne "suna gaida juna". Aquí se habla español daidai yake da "ana magana da Sifaniyanci a nan". Se rompió el vaso kuwa "kofi ya fashe", ba tare da an ambaci wanda ya fasa ba. Misalin da ya fi burge ni shi ne comer da comerse. Comió pan na nufin ya ci burodi, se comió el pan kuwa ya cinye burodin. Wannan bambanci na "ci" da "cinye" shi ne na aji na huɗu a rabon aikatau da Parsons ya yi a 1960, wanda muke karantawa a darasin nahawu. Har gaɓoɓin jiki ma tafiyarsu ɗaya: me lavo las manos, "ina wanke hannu", babu buƙatar a ce hannuna.

Kwatancin ba ya cika ko'ina. Aikatau irin su quejarse da arrepentirse ba sa rabuwa da se, sai dai a haddace su haka. Duk da haka, ina roƙon masu koyarwa su ware ko da darasi guda su jera jimlolin Sifaniyanci kusa da na Hausa. Ɗalibin da ya tashi yana bambanta "kansa" da "juna" da "ana" ya riga ya san rabin darasin tun kafin ya shiga aji.